Feshin Ruwan da Ya Biyo Mijina Gida

Duk wanda ya tako zuwa Edmonton, unguwarmu a nan ƙasar Turawa, da kular abinci a hannu, da wanda ya kira daga gida, na gode, Allah ya bar zumunci. Na san yawancinku a gutsure kuka ji labarin, har akwai wadda ta kira ta fara yi mini ta'aziyya. Mijina, Abban Ilham, yana nan da ransa. Zan faɗi abin da ya same shi tun daga tushe, domin akwai rami ɗaya a cikin labarin nan da kowane Bahaushe zai iya faɗawa, ko da bai taɓa ganin motar tsere ba.

Mijina Mukhtar direban bas ne, irin jajayen nan masu bene. Duk mako yana jan ta a hankali kamar mai rakiyar amarya, ya tsaya nan ya tsaya can, in ya makara a harare shi. Ran Asabar sai ya rama. Shi da abokinsa Seidu, wani makaniki ɗan zongon Kumasi, suka sayi tsohuwar mota, suka fige kujerunta, suka ɗaɗɗaure cikinta da ƙarafa, suka shiga cikin masu tseren sha'awa. Ba a samun ko sisi, sai wani ɗan kofi da ko shayi ba zai shayu a ciki ba. Na yi faɗa har bakina ya gaji. Yayarsa, Yaya Hajara da ke Catford, ta haɗa shi da Allah da Annabi. Ya yi kunnen uwar shegu da mu duka.

Abu guda ya kamata ku sani tun yanzu. Idonsa na hagu rago ne tun yana yaro, yana ganin mutum amma ba ya karanta rubutu daga nesa. Idon dama ne ke riƙe da komai namu, bas ɗin, hayar gida, da tukunyar da nake ɗorawa.

Ranar da abin ya faru na bi su filin tseren, can wajen gari ta Kent, saboda 'yarmu Ilham ta nace sai ta ga Abbanta. Tun safe ake ruwa, irin mai naci, ba ya ƙarfi ba ya ɗaukewa. Na same shi a rumfa yana goge gilashin motar ta ciki don kada ya yi tururi.

Na ce, "Abban Ilham, a cikin wannan ruwan me za ku gani?"

Ya ce, "Wanda ke kan gaba ne kawai yake ganin hanya. Mu na baya, tayoyin na gabanmu ke kwaso ruwan su watso mana, komai ya koma fari fat. Waifar share gilashi ba ta iya masa. Kin ga wannan?" Ya nuna mini wata 'yar jar fitila a bayan motar. "Ita muke bi. Ta yi dama ka yi dama. Ta ƙara haske ka san ka matso."

"To ka tafi a hankali mana."

"In na sassauta, na bayana bai gan ni ba, sai ya hau kaina. A ruwa, sassautawa ma haɗari ce."

Seidu, wanda Hausarsa ba ta taɓa raba mace da namiji ba, ya ce da ni, "Madam, kai kwantar da hankalinka. Mijinka ya iya. Ruwa kaɗan ne."

An ɗan jinkirta tashin, an zagaya da su a hankali a bayan wata mota, sannan aka sake su. Daga inda muke zaune ba motoci nake gani ba, wani dogon farin hayaƙi nake gani yana gudu, da ɗigon ja a cikinsa. A zagaye na uku ko na huɗu motar da ke gabansa ta zame a kwana, ta juya ta tsaya a gicciye. Da ta juya, jar fitilarta ta kalli wani gefen. Daga baya ya gaya mini cewa ya ga jan ya ɓace, kafin ya gama tambayar kansa ina ya shiga, ƙofar mota ce a gabansa. Mu ƙarar kawai muka ji. Ilham ta riƙe hannuna tana cewa, "Mummy, is it Abba?" Ni ma ba na ganin komai. Sai da aka ɗaga jajayen tutoci, feshin ya kwanta, sannan na ga lambar motarmu.

A asibitin da ke kusa suka ce ƙashin kafaɗarsa ya karye. Aka ɗauki hoton kai, babu jini a ciki. Ɗayan direban ƙafa ya karya, shi ma ya tsira. Na yi sujada a wani lungu kusa da injin sayar da lemo. Kafin a sallame mu wata nas ta tsaya a kansa ta ce in ya ji ciwon kai mai tsanani, ko amai, ko wani canji a ganinsa, ya dawo nan take. Ta tambaye shi yadda yake gani. Ya ce, "I'm fine, thank God." Ni ma na ce Alhamdulillah, muka taho.

Makon farko gidanmu ya zama tasha. Kun san mu da dubiya. Mutanen masallaci, abokan aikinsa, matan Catford da Yaya Hajara ta kwaso a mota biyu, ga farfesu, ga kunu, ga tuwon da ko rabinsa ba mu ci ba. Kowa ya shigo ya zauna, ya ce, "Yaya jiki?" Shi kuma ya ce, "Da sauƙi, Alhamdulillah." Ba na jin akwai ranar da bai faɗi wannan sau talatin ba. Bayan gaisuwar sai nasiha ta biyo. Wannan ya ce ai dama an gaya masa. Wancan ya ce magidanci da iyali ina shi ina wasan yara. Yaya Hajara ta ce, "Mukhtar, Allah ya ja maka kunne da sauƙi, saura ka ƙi ji." Yana zaune hannu a rataye, yana murmushi, yana haɗiyewa.

Abin da na lura da shi a makon nan ɗaya ne, yawan goge tabarau. Ya cire ya huhhura, ya goge da bakin rigarsa, ya mayar, can kuma ya sake cirewa. Har tsokanarsa na yi, na ce zai cinye gilashin da guga. Ya ce datti ne ya ƙi fita. Ashe a lokacin yana ganin walƙiya a gefen idonsa na dama, da wasu baƙaƙen ɗigo-ɗigo suna yawo kamar ƙudaje. Ya ɗauka ragowar bugun ne, za su tafi da kansu.

A mako na biyu likitan unguwarmu ya kira a waya don ya ji yadda ake ciki. Ina kicin ina jinsu. "Much better, doctor. Much better." Shi ke nan, aka ajiye waya. Ban ga laifin likitan ba. Bature in ka ce masa ka samu sauƙi, ya yarda ka samu sauƙi, sai ya kira na gaba. Mu kuwa tun muna yara aka koya mana cewa mara lafiya ba ya kai ƙarar jikinsa. Kakata tana kan gadon da ba ta tashi ba, an ce yaya jiki, ta ce da sauƙi. A gida wanda ya tambaya ya san haka, sai ya dubi fuskarka ya karanta sauran. A nan babu mai lokacin karanta fuska, ta waya ma ake dubiyar.

Ranar wata Talata da safe, cikin mako na uku, na ajiye masa buta da kofi. Ina tsaye ya ɗauki butar ya tsiyaya shayin a kan tebur, kusa da kofin, yana ta zubawa har ya gangaro masa a cinya. Na karɓe butar. Na sa tafin hannuna na rufe idonsa na hagu, na ɗaga ɗayan hannun.

"Yatsu nawa?"

Na maimaita.

"Abban Ilham, yatsu nawa na ɗaga?"

Ya ce, "Zuwaira, hannun ma ban gan shi ba."

Ko takalmin kirki ban sa ba. Seidu ya bar motar wani a buɗe a gareji ya zo ya kwashe mu zuwa sashen gaggawa na asibitin ido. Layin ya kai har bakin ƙofa. Muka zauna a cikin mutane masu auduga a ido, aka ɗiga masa magani, aka ce mu jira, aka sake ɗigawa, aka ce mu ƙara jira. Azahar ta wuce, la'asar ta kusa. Ina kallon agogo ina jin kamar kowane minti wani abu na ƙara lalacewa a cikin kansa, kuma ba ni da abin yi sai riƙe masa jaka.

Likitar da ta duba shi mace ce mai ƙaramar murya. Ta daɗe tana haska idon. Sannan ta yi mana bayani dalla-dalla. Ta ce a can bayan ido akwai wata siririyar fata wadda hoton duk abin da muke gani yake sauka a kanta. Bugun da ya sha ya yaga ta kaɗan, ruwan cikin ido ya rinƙa shiga ta yagar yana ɓamɓare ta a hankali, kamar yadda danshi ke ɗaga fentin bango. Ta tambaye shi yaushe ya fara ganin labule. Kalmar da ta yi amfani da ita ke nan, labule, wai wani duhu da ke jawowa daga gefe.

Ya ce, "Tun ƙarshen makon farko."

Ta ajiye abin hannunta. Ta faɗi wasu kalmomi biyu da har yau suke cikin kunnena, "macula off." Wato tsakiyar fatar, inda ake karatu da gane fuska, ita ma ta riga ta ɓalle. Ta ce da ya zo tun labulen yana gefe, da aikin mai sauƙi ne, kuma yawanci ana tsirar da gani. Yanzu za su yi iya ƙoƙarinsu, amma ba ta yi mana alkawari ba. Ta tambaye shi a hankali me ya hana shi zuwa. Ni ya juyo ya gaya wa da Hausa.

"Kowa ya tambaye ni na ce da sauƙi. Kuma kowa ya ce ni na jawo wa kaina. Ta ina zan fara cewa ido ma ya taɓu? Na ɗauka feshin nan ne bai gama washewa ba."

Na so in yi masa ihu, na so in rungume shi. Ban yi ko ɗaya ba, na gyara masa igiyar da ke rataye da hannunsa.

Aka yi aikin. Suka mayar da fatar, suka hura wata iska a cikin idon don ta danne ta har ta kama. Sai dai iska sama take tashi, fatar kuma a baya take, don haka dole ya kifa fuskarsa ƙasa, dare da rana, sai ɗan hutun da ake ba shi a kowace awa. Ku tuna kafaɗarsa a karye take. Na jera filo, na naɗe tawul, muka yi hayar wata kujera mai rami a wurin fuska. Abinci a ƙasa nake ajiye masa, ruwa da tsinken shan lemo. Na sa madubi a ƙasa don ya rinƙa ganin fuskar Ilham in ta dawo makaranta. Seidu ya shigo ya gan shi a haka, ya ce, "Mukhtar, duk sujadar da ka bari a baya yau ka biya." Shi ne karo na farko da na ji dariyarsa tun ranar ruwan, dariyar ma ta ƙare da nishi.

Aikina kula da tsofaffi ne a wani gida a Enfield. Na iya juya mara lafiya, na iya wanka, na iya ba da magani a kan lokaci. Amma wannan jinyar ba ta da inda zan sa hannu. Ciwon yana cikin wani wuri da bai kai ƙwayar gyaɗa ba, ba na ganinsa, ba na iya shafa shi. Nawa kawai ɗiga magani da cewa, "Sunkuyar da kai." Asibiti ba su karɓi ko kwabo ba, Allah ya saka wa ma'aikatan nan da alheri. Amma na bar aiki, albashinsa ya ragu, tasi da hayar kujera da wutar ɗumama ɗaki suka rinƙa cin abin da muka ajiye. Seidu ya sayar da abin da ya rage na motar tseren ya kawo, ya kuma ɗauki kai Ilham makaranta bai taɓa fashi ba.

Masu dubiya suka dawo. Su zauna suna kallon ƙeyarsa, su ce, "Yaya jiki?" Daga cikin ramin kujera sai ka ji, "Da sauƙi." Rannan na kasa daurewa. Na tsaya a tsakiyar falo na ce don Allah duk wanda ya zo ya yi masa addu'a kawai, kada a sake yi masa wannan tambayar a gidan nan. Na san an tafi da ni a baki har Catford. Shawarwari kuwa ba a magana. Wannan ta ce kwalli, wancan ya ce hayaƙin habbatus sauda, wani ya ce a kai shi Kano wajen wani mai magani, alhali likita ta ce da iskar nan a idonsa ko jirgi ba zai hau ba. Wata rana na fito daga banɗaki na tarar da Yaya Hajara ta ɗaga masa kai, da cokalin zuma a hannunta.

Na ce, "Yaya, don girman Allah ajiye."

Ta ce, "Zuwaira, ƙanina ne. Tun kafin ki san shi nake goyonsa. Zuma waraka ce."

"Na sani, Yaya. Ya sha ta a baki. Idon nan ɗinki ne a cikinsa."

Ta ajiye cokalin, ta zauna a ƙasa kusa da kujerar, ta fashe da kuka. Ta ce ita ce ta fi kowa yi masa gori, da ta yi shiru wataƙila da ya faɗa. Na zauna kusa da ita. Ita ma neman abin yi take kamar ni.

Bayan an ɗage masa kifuwar, iskar ta fara raguwa. Ya ce yana ganin wani baƙin layi kamar ruwa a cikin kwalba, kullum yana sauka, a samansa kuma haske. Ranar da ya gane launin rigar Ilham na dafa shinkafa da kaza kamar ana salla. Har ya fara maganar yaushe zai koma aiki.

Wajen mako na shida ina shanya a kan hitar ɗumama ɗaki, sai na ji ya kira sunana. Na leƙo na ce mene ne. Yana zaune a bakin gado, hannunsa a kan idon hagu.

Ya ce, "Zuwaira, babu sauƙi. Labulen ya dawo."

Shekara goma sha ɗaya muna tare, ban taɓa jin wannan kalmar a bakinsa ba. A cikin awa ɗaya muna asibiti. Wannan karon bai ɓata ko minti ba, amma fatar ta riga ta yi tabo, tabon ne yake jan ta yana ɓalle ta. Aka sa ranar aiki na biyu, muka je da azuminsa na asibiti, aka ce an soke saboda wani da ya fi shi gaggawa. Muka dawo a bas, yana zaune a kujerar fasinja yana jin yadda direban ke taka birki. Da aka yi aikin, wani mai suka zuba a idon maimakon iska. Muka sake sabon zaman kifuwa, muka sake jira.

Ba zan ja ku da nisa ba. Idon dama yana ganin haske da inuwa, yana gane launi in mai ƙarfi ne, sauran duk a lanƙwashe suke cikin fari. Likitar ta ce iyakar abin da zai dawo ke nan. Ya mayar da lasisinsa da hannunsa. Da na tambaye shi yadda abin yake, ya ce, "Kin tuna ranar tseren? Haka. Kamar ina bayan mota a cikin ruwa, kuma ba a ɗaga tuta ba."

Ga abin da ya sa na rubuta wannan. Ban ce kowa ya bar abin da yake so ba, wannan tsakaninsa da iyalinsa ne, ko da yake har gobe ban gane dalilin da zai sa a saki mutane su yi gudu a inda ba sa ganin juna ba. Amma in ka bugu a kai ko a fuska, ka ga walƙiya, ko ƙudaje, ko duhu na jawowa daga gefe, ranar za ka tafi, ba gobe ba. Ka ce wa maƙwabcinka da sauƙi in kana so, likita kuwa ka gaya masa gaskiya. Ku kuma masu dubiya, ku ajiye gorin sai mutum ya warke. Mai jinya, rufe masa ido ɗaya ki tambaye shi yatsu nawa. Da na san wannan a makon farko, da labarin nan ban rubuta shi ba.

Yanzu yana fita da ragon idonsa, yana lallaɓawa. Wahalar ita ce cunkoso, musamman in ana ruwa tabarau ya jiƙe, ga mutanen garin nan kowa da baƙar riga. Sau biyu yana ɓace mini a tashar Stratford. Bayan na biyun ne ya ce in sayi jan mayafi, ja sosai. Ni da ban taɓa son ja ba. Yanzu in za mu asibiti ni ce a gaba, shi a baya, na yi dama ya yi dama.

Makon jiya muna fitowa daga tashar ana yayyafi, sai ga Malam Habibu, wani dattijo da suke sallar Juma'a tare, wanda bai samu zuwa dubiya ba. Ya kama hannunsa da hannu biyu.

"Malam Mukhtar! Ashe abin da ya faru ke nan. Yaya jiki?"

Na tsaya ban juyo ba, ina jira in ji. Sai na ji Abban Ilham ya kama bakin mayafina ta baya.

Ya ce, "Idon ya tafi, Malam. Alhamdulillah."